Hanyar Gabas da Hanyar Teku: Yadda Mutanen Ƙasar Dutse Suka Nufi Makka

Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, wato tsakanin shigowar Turawa Kano a 1903 da wajen shekarun 1950, duk mutumin ƙasar Dutse da Allah ya jefa wa shauƙin ziyartar Ɗakinsa mai alfarma, har ya ƙudurta niyya, hanyoyi biyu ne a gabansa, kowacce da sharuɗɗanta da irin mutanenta. Ɗaya ta fuskanci gabas, ta ratsa Barno da Wadai da Darfur, ƙasa bayan ƙasa, har ta dire bakin Bahar Maliya. Ɗayar kuwa ta gangara kudu zuwa Ikko, inda ake shiga jirgin ruwa ya bi gaɓar teku, ya kewaye yammacin Afirka, ya faɗa Bahar Rum, sa'an nan ya sauko Jidda ta mashigin Suwez. Akwai ta uku, tsohuwar hanyar hamada da ta bi ta Agadas da Gat da Fezzan zuwa Masar, wadda malaman farko suka sani ƙwarai, amma a zamanin da muke magana ayarinta ya riga ya yi rauni, har ta kusa fita daga lissafi.

Wurin da Allah ya ajiye Dutse shi kansa yana da baki a cikin wannan shawara. A lokacin gunduma ce a ƙarƙashin Sarkin Kano, tana gabas da birni, kuma mai barin Kano zuwa Barno, bayan ya haye kogi a Wudil ya ci gaba, ƙasarta zai taka, ko dai ta wajen Shuwarin ya nufi Azare, ko kuwa ta Birnin Kudu ya ɓulla Fataskum ta kudu. Jirgin ƙasa kuma, wanda ya iso Kano a 1911, da aka miƙa shi zuwa Nguru ya kai can a 1930, ta Ringim da Taura da Malam Madori ya bi, ya bar Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu ba su ko jin kukansa. Saboda haka Badutse mai son hanyar teku sai ya fara ba alƙibla baya, ya yi yamma zuwa Kano, ya yanki tikiti, ya yi tafiyar mil 700 zuwa Ikko, alhali kuwa hanyar gabas ga ta nan tana wucewa ta bakin gonarsa, kullum yana ganin masu bin ta suna sauka a inuwar tsamiya suna neman ruwan alwala.

Hanyar teku tana da abin yabo, kuma zalunci ne a ɓoye shi. Tafiya ce ta makonni ko 'yan watanni, mutum yana iya barin gida ya dawo cikin shekara guda ya tarar da iyalinsa yadda ya bar su, babu tsoron 'yan fashi, babu ƙishirwar daji. Ita Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi a 1921, lokacin da ya tashi daga Ikko ya biya ta Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar, kana ya wuce Hijaz ya sauke farali. To amma duk wanda ya dubi wannan misali zai ga irin mutumin da hanyar take nema. Kamfanonin jiragen ruwa irin su Elder Dempster kuɗi hannu suke karɓa, fam da sule, tun kafin a ɗaga anga, kuma daga ranar da mutum ya shiga jirgi har ranar da zai fita babu wata sana'a da zai yi ta ba shi ko anini. Ga zama cikin waɗanda ba a san halaccin yankansu ba, ga rashin harshe, ga alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi. Manomin da dukiyarsa ita ce rumbu biyu da jaki da 'yan awaki, ko ya sayar da su duka, ba za su kai shi ko rabin wannan tafiya ba.

A nan ne fiƙihu ya shigo, kuma a ganina shi ne asalin abin da ya raba hanyoyin biyu, fiye da nisa ko tsoron ruwa. Hajji farilla ne a kan wanda ya sami iko, amma mazhabobi sun saɓa a kan ma'anar ikon. Shafi'iyya da Hanbaliyya da Hanafiyya sun sharɗanta guzuri da abin hawa. Malikiyya kuwa, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a zaurukan Dutse da Jahun da Gwaram, sun tafi a kan cewa iko shi ne mutum ya iya isa ba tare da matsananciyar wahala ba, yana amintacce a kan ransa da dukiyarsa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta lissafa tafiya da ƙafa cikin hanyoyin isa, Muhtasar na Shaihu Halilu kuma ya ƙara da cewa mai sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, in yana iya tafiyar ƙasa, hajji ya hau kansa ko da ba shi da guzuri ko dabba. Game da teku ma littafin bai yi shiru ba: hukuncinsa ɗaya da tudu, sai fa in halaka ta fi rinjaye, ko kuwa hajijiyar ruwa za ta sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla. Almajirin da ya ji wannan karatu daga bakin malaminsa, ya dubi ƙafafunsa lafiya lau, ya dubi allura ko askar da ke cikin zabirarsa, ya san cewa uzuri ya yanke masa, ya kuma san hanyar da za ta karɓi irin kuɗin da yake da shi, wato ƙarfinsa da sana'arsa.

Shirin tafiyar gabas ya fi kama da shirin barin duniya, domin mai yin ta bai san ko zai dawo ba. Sai ya biya basussuka, ya mayar da ajiya, ya bar wasiyya a gaban shaidu, ya danƙa gona a hannun ƙane, ya bi gida gida yana neman gafara, ana ce masa Allah ya kai lafiya, a gaishe mana da Ma'aiki. Kayansa ba su da yawa: buzu da buta, gafakar Alƙur'ani, allo da tawada, goran ruwa, tsabar gero a taiki, kuka da daddawa, da ɗan dabinon Dutse wanda ba ya lalacewa da wuri. Da yawa sukan tafi da matansu da 'ya'yansu, saboda ba a barin mace shekaru babu labari. Akan tashi bayan kaka, idan rumbu ya cika kuma fadamu sun fara bushewa, domin ƙasar da ke kudancin Tafkin Chadi laka ce baƙa mai riƙe ƙafa, wadda ba ta ratsuwa da damina.

Daga nan sai zango bayan zango: Azare, Fataskum, Damaturu, Yerwa, Dikwa, a haye Kogin Shari a shiga Fort Lamy, wadda ita ce Njamena a yau, a miƙa zuwa Abashe ta Wadai, a shiga Darfur ta Jinaina, a wuce Fashir da Nuhud har Ubayyid, inda jirgin ƙasan Sudan ya iso tun wajen 1912. Har bakin Bahar Maliya, tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000, kuma ba ta yi daɗin bi ba sai bayan da aka kashe Rabe a Kusuri a 1900, aka kuma kawar da Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916. Ba a yin ta a jere. In guzuri ya ƙare sai a yada zango, a nemi mai unguwar Hausawa, a kama aiki. Wanzami ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin kasuwa, maɗinki ya zauna da hularsa, mai ƙarfi ya shiga ga-ruwa ko ƙodago, malami ya tara yara ya kuma yi rubutun sha, mata su soya ƙosai. In damina ta riske su sai su ari gona su yi noma, su girbe, su sayar, su ƙara gaba. Ta haka tafiyar da jirgin ruwa ke yi cikin makonni takan ci shekaru, yaron da aka goya daga Kiyawa ya isa Makka yana tafiya da ƙafarsa, Larabci ya fi kama bakinsa bisa Hausa.

Ba kowa ne ya wuce Sudan ba. Tun 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi hijira daga Sakkwato ya nufi gabas, jama'a suka yi ta bin sa daga ƙasar Kano da sauran wurare har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar, waɗanda suka tsira sun ci gaba tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Wannan gari ya zama masauki ga masu zuwa daga baya. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai ga aikin tsinkar auduga mai kawo kuɗi a hannu, alhazai suka zama ginshiƙinsa. Wani ya tsaya ya tara na jirgi ya wuce, wani ya ce sai baɗi, baɗi ta zama shekara ashirin, ya aurar da 'ya'ya, ya mutu yana cewa shi matafiyi ne. Zuriyarsu suna can har yau, mutanen Sudan suna kiran su Fallata ko Takari.

Wanda ya guji teku ma a ƙarshe sai ya hau shi, domin tsakanin Sawakin, a gaɓar Sudan, da Jidda ruwa ne. Hukuma ta tanadi wurin killace alhazai saboda annoba, da kuɗin da ake biya, da takardun da ake nema, talakan da ba shi da su kuwa yakan faɗa hannun masu kwale-kwalen da ke fita da dare daga wani lungu na gaɓa, su cika shi fiye da ƙima, wani lokaci su sauke mutane nesa da Jidda a inda babu ruwan sha. Mafi muni shi ne abin da ya sami wasu yara da mata waɗanda aka yaudara aka sayar a Hijaz, inda ba a haramta bauta ba sai a 1962. Ina girmama himmar waɗannan bayin Allah girmamawa mai yawa, amma ba zan ce hanyarsu ta cika sharaɗin amincin rai da malamai suka gindaya a kowane lokaci ba. Shauƙi ya rinjayi lissafi a zukatan da yawa daga cikinsu, kuma kaburbura marasa alama tsakanin Abashe da Nuhud su ne shaida.

Mota ce ta fara taƙaita al'amarin. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai, manyan motoci suka riƙa bin wannan hanya ta gabas zuwa Sudan. Ba a jima ba jirgin sama ya karɓe, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, hanyar teku da ta tudu duka suka zama tarihi. Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, ta sami filin jirgin samanta a 2014, kuma daga nan maniyyatan jihar suke tashi su sauka Saudiyya cikin 'yan sa'o'i. Hanyar gabas kuwa yau ko mai so ba zai iya bin ta ba, saboda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023.

A ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu har yanzu akwai tsofaffin da aka haifa a kan wannan hanya, ko suka bi ta a bayan babbar mota suna yara, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Ina roƙon malaman tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Majalisar Masarautar Dutse, da jikokin waɗannan dattawa, su zauna da su tun suna raye, su ɗauki muryoyinsu, su rubuta sunayen zangunan da suka sauka da na 'yan uwan da suka bari a Sudan.