Yaƙin Biyafara: Abin Da Duniya Ta Ji Da Abin Da Muka Ɓoye

Ni mutumin Taura ne, garin da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa. Kakana yakan ba mu labarin Ibo ma'aikatan reluwe da masu kantuna waɗanda suka zauna da su lafiya lau, ana cinikin gyaɗa, har zuwa 1966 da suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Zamani ne ya ɓaci." Wannan amsa ba ta ishe ni ba, shi ya sa na bi diddigin maganar.

A ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ran 24 ga Mayu kuma Janar Ironsi ya soke jihohi da doka mai lamba 34. Daga nan tarzoma ta ɓarke a Kano da sauran garuruwa. A watan Satumba wani labari ya fito daga rediyon Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, rediyon Kaduna kuwa ya maimaita. Dubban Ibo waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba suka halaka, har da matafiya a filin jirgin saman Kano ran 1 ga Oktoba. Wannan abin kunya ne, bai kamata mu rufe shi ba.

To, amma ga ɗaya ɓangaren. Bayan Ojukwu ya ɓalle ran 30 ga Mayu 1967, sai Biyafara ta ɗauki wani kamfani a Janeba mai suna Markpress yana watsa mata labarai. Hotunan yara masu ciwon yunwa suka cika jaridun Turai a 1968. Yunwar gaskiya ce, toshe hanyoyin abinci ya jawo ta. Sai dai fassarar da aka yi wa yaƙin ita ce wai Musulmi Hausawa ne suka tasam ma ƙare dangin Kirista. Aka manta Gowon Kirista ne, ɗan Angas, Awolowo ne kwamishinan kuɗinsa, kuma akwai ƙananan ƙabilun Gabas da ba su goyi bayan ɓallewar ba.

Gwamnatin tarayya ta gayyato 'yan kallo daga Ingila, Kanada, Polan, Suwidin, Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka. Suka ce ba su ga shirin kisan ƙare dangi ba. Mu kuma muka riƙe wannan rahoto, muka yi shiru game da Asaba, inda sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan maza fararen hula a Oktoba 1967.

Haka aka sake yi a Ruwanda a 1994. Rediyo yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, Turawa suna cewa faɗan ƙabilu ne irin na da can, har aka gama ɓarna cikin kwana 100.

A ganina, jama'a, farfagandar waje ta ɓata mana suna, amma jita-jitar gida ita ta fara zub da jini. Idan mu ɗaliban Hausa ba mu rubuta duka biyun da harshenmu ba, tun dattawan da suka gani da idonsu suna raye, to kada mu ga laifin baƙon da ya rubuta rabi. Allah ya kiyashe mu da maimaici.