Yadda Ƙugiya Ta Sha Wuya Daga Injin Ɗab'i Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya fito daga ƙasar Ƙanƙara ya san sunan garin nan ƙugiya biyu gare shi. Amma a duba takardun makaranta da allunan kan hanya, Kankara za a gani, ba ƙugiya ko ɗaya. To, wannan rashi yana da tarihi, kuma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Sa'ad da Turawa suka fara rubuta Hausa da boko, sai suka tarar da sautuka waɗanda babu su a bakinsu, watau ɓ da ɗ da ƙ. Kowa ya yi ta kansa: wasu suka sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu waƙafin sama a gefensa, wasu kuwa ba su ma ji bambancin ba. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutu a 1912, amma gardama ba ta mutu ba. Sai a shekarun 1930 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, irin waɗanda Diedrich Westermann da abokan aikinsa suka tsara don harsunan Afirka. A 1939 kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. An sake zama a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 don daidaita rubutu, duk da haka Nijar na rubuta ƴ, mu kuwa 'y.

Ana cikin haka sai ga kwamfuta. Ma'aunin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 kaɗai gare shi, kuma Ingilishi aka yi wa ɗinkin. Masu buga littattafanmu suka shiga dabara: kowa ya ƙera nasa zubin haruffa, ya kori wani harafin da Hausa ba ta bukata, kamar q ko x, ya zaunar da ƙ a gurbinsa. Muddin rubutu yana kan injin mai shi, lafiya lau. Ranar da aka kai shi wani injin kuwa, sai ƙasa ta koma qasa.

Unicode ya zo a 1991 ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu. Sai dai masu rubuta manhaja ba su bar tsohon hali ba. Da yawansu sun ɗauka kowane harafi ma'auni ɗaya yake ci a ma'ajiya, alhali a tsarin UTF-8 ƙ biyu take ci. In manhaja ta yanke suna a tsakiyar harafin, sai a ga alamar tambaya ko wani ɗan akwati. Saƙon tes ma haka: harafi 160 yake ɗauka, amma da ƙugiya ɗaya ta shiga sai ya koma 70. Mai tattalin kuɗin waya me zai yi in ba ya jefar da ita ba?

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne waƙafin 'y. A harshen SQL, wanda ake tambayar rumbun bayanai da shi, wannan alama ita ce ke buɗe zance ta rufe shi. Saboda haka in mai manhaja ya yi sakaci, sunan gari irin 'Yankara ta ƙasar Faskari ya isa ya rikita aikin. Maimakon a gyara manhaja, sai a hana alamar shiga. Ga shi kuma alamar kanta iri-iri ce a Unicode, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya da wata ta uku, masana ba su bar musu a kan wadda ta dace ba. Ido yana ganinsu ɗaya, injin bincike kuwa yana iya ɗaukarsu dabam. A nan kam ina ganin mutanen Nijar sun fi mu dabara da ƴ ɗinsu.

Wasu 'yan'uwa ɗalibai sukan ce ai Bahaushe yana ganewa ko ba ƙugiya. Sau da yawa haka ne. Amma a rubuta wa yaro ɗan aji biyu na firamare a Sabuwa "ya ga baki" a ce ya karanta: baki ne na cin tuwo, ko baƙi ne suka sauka a zaure?