Tsakanin Tukuici da Tsawa: Ƙarni Guda na Horon Kare

Kalmar horo a Hausa tana da fuska biyu: koyarwa da hukunci. Tarihin horar da karnuka a Turai da Amurka jayayya ce a kan wadda za ta rinjaya cikinsu.

A 1910 wani jami'in 'yan sandan Jamus, Konrad Most, ya wallafa littafin da ya zama ginshiƙin horar da karnukan 'yan sanda da na soja. Ya gina hanyarsa a kan tilastawa da lallashi, ya kuma nace cewa yabo ko tsawa su zo a daidai lokacin da kare ya aikata abin, domin kare ba ya danganta hukuncin yamma da laifin safe. Bayan yaƙin duniya na biyu, wannan salo na bariki ya shiga gidajen jama'a. Littafin Ba'amurke William Koehler na 1962 ya yaɗa amfani da sarƙar shaƙe wuya da fizgar igiya.

Masu tsanantawa sun jingina da binciken Rudolph Schenkel na 1947 a kan kyarketai da ke tsare a gidan namun daji na Basel, inda ya ga suna faɗa a kan shugabanci. Aka ɗauka cewa kare ma kullum neman mulkar mai shi yake. David Mech ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970, amma a 1999, bayan ya daɗe yana lura da kyarketai a tsibirin Ellesmere na Kanada, ya janye shi: garkensu a daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu.

Ɗaya hanyar ta fito ne daga ɗakin bincike. A 1951 B. F. Skinner ya bayyana yadda ake koya wa dabba da wata ƙara da ke shaida mata cewa ta yi daidai, tukuici na tafe. Karen Pryor, wadda ta horar da dabbobin teku a Hawaii, inda babu halin sa musu igiya, ta kai wannan ilimi ga jama'a da littafinta na 1984.

Daga nan ma'auni ya karkata. Yankin Wales ya haramta abin wuya mai jan lantarki a 2010. Wani bincike a Fotugal a 2020, a kan karnuka 92, ya nuna waɗanda aka horar da tsanantawa sun fi nuna alamun firgici, kuma sinadarin damuwa ya fi yawa a miyaunsu. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta ba da shawarar a dogara ga tukuici.

Gyara bai ɓace ba, ma'anarsa ce ta sauya. A yau ya haɗa da hana tukuici, da katse kare kafin ya yi ɓarna, da tsare shi da igiya ko shinge. Hatsarin duka kuwa sananne ne: karen da aka hukunta don ya yi gurnani yana iya daina gargaɗi, ya kai cizo ba zato. Saboda haka mai neman wanda zai horar masa da kare, ko na gadi ne, ya yi masa tambaya biyu: me kare zai samu idan ya yi daidai, me kuma zai same shi idan ya kuskure?