Idon da Ke Gani Daga Sama

A zamanin Yaƙin Hitila soja sun gwanance wajen ɓoye igwa da motocin yaƙi. Sukan sari rassan itace su lulluɓe su, ko kuwa su shafe su da koren fenti, jirgin leƙen asiri ya zo ya wuce bai ga kome ba sai daji. Abin da ya tona asirin wannan dabara shi ne wani haske da ke gaba da ja, wanda idon ɗan Adam ba ya iya gani. Ɗanyen ganye yana mayar da hasken nan da ƙarfi, fenti kuwa ba ya yin haka, reshen da aka sara ma da ya soma yaushi sai ƙarfinsa ya ragu. Kamfanin Kodak na Amurka ya yi fim mai kama shi, itace mai rai ya fito ja wur, na bogi ya fito dishi-dishi.

Da yaƙi ya ƙare, cikin 1946 Ingila ta kafa ma'aikatar safiyo ta ƙasashen da ke hannunta, aka sa jiragen yaƙi masu suna Lancaster ɗaukar hoton Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Hotunan nan baƙi da fari ne kurum, ga hazon hunturu yana yawan hana aiki. Duk da haka masu binciken ƙasar noma a Samaru, inda aka kafa gonar gwaji tun 1922, sun ci moriyar irinsu ƙwarai. Akan jera hoto biyu ƙarƙashin wani tabarau, sai tudu ya taso, fadama ta nutse, a shata iyakar jigawa da laka tun daga ofis, sa'an nan a fita da diga a haƙa rami a tabbatar.

Fim ɗin Kodak kashi uku kaɗai yake raba haske. To, a 1987 hukumar NASA ta ɗora wa jirgi wata na'ura, AVIRIS, mai raba shi kashi 224, watau kowane abu, dutse ne ko tufa ko ganye, ya nuna kamanninsa dabam. Soja suna neman tantin da aka ɓoye cikin kurmi da irin wannan na'ura. Da za a bi da ita ta kan gonakin Zabi kuwa, da ta nuna dawar da ƙishirwa ta kama tun ganyenta bai soma rawaya ba.