Gani Ya Kori Ji? Tarihin Rufa-Ido a Kokawa da Tseren Keke

Hausawa kan ce gani ya kori ji. To, amma tarihin wasanni ya nuna cewa ido ma akan yi masa wayo.

Mu fara daga gida. Michael Okpala, wanda aka fi sani da Power Mike, haifaffen ƙasar Ibo ne a 1939. Ya zo Kano koyon cinikin taya, a nan kuma ya soma tara jama'a yana lanƙwasa ƙusoshi da hannu, yana ɗaga ƙarti. Daga baya ya shiga kokawar Turawa, ya zama zakaran Afirka a 1970. Da ya aje kokawa a 1976 sai ya koma gayyato 'yan kokawar ƙasashen waje zuwa Nijeriya.

Ƙarfin Power Mike ba ƙarya ba ne, amma sana'ar da ya shiga tana da sirri. A irin wannan kokawa akan shirya wanda zai kayar da wanda za a kayar tun kafin a shiga fage, a raba wa kowa matsayinsa, wannan jarumi, wancan mugu. An daɗe ana ɓoye haka, sai a 1989 kamfanin WWF ya faɗa wa majalisar Jihar New Jersey ta Amurka cewa abin nishaɗi ne kawai, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Duk da haka 'yan kallo ba su watse ba, domin wanda ya je kallon mai rufa-ido ya san abin da ya biya.

Tseren keke kuwa labarinsa dabam ne, don shi da sunan gaskiya ake sayar da shi. Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro tseren Tour de France a Faransa a 1903 don ta sami masu saye. Shekara ɗaya tak, a 1904, aka soke nasarar Maurice Garin da mutum uku da ke biye da shi saboda maguɗi, har aka zargi wasu da hawa jirgin ƙasa. Haka Lance Armstrong ya ci tseren sau 7, daga 1999 zuwa 2005, aka ƙwace duka a 2012, ya kuma amsa da bakinsa a 2013 cewa ya yi amfani da magungunan ƙara kuzari. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ashe ke nan ɗan kokawar Turawa ɗan wasan kwaikwayo ne, mai maguɗin keke kuwa ya ci amanar abokan tserensa da 'yan kallo.

Abin lura gare mu shi ne, dambe da kokawarmu na gargajiya, waɗanda a da ake yi da kaka don neman suna, yanzu kuɗi da talabijin sun shigo su. A Nijar ma tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa. Darajarsu ita ce babu wanda ya san wanda zai faɗi, ko makaɗin da ke zuga su. Ranar da aka fara shirya kaye a bayan fage, ranar muka yi asarar gadonmu. Allah Ya kiyaye.