Nahawun Ingilishi a Ƙasar Yawuri: Daga Midil Zuwa Bayan Kainji

Tun kafin Turawa su zo, nahawu ba baƙon abu ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun ilmi yakan fara da Ajuruma, in ya yi nisa ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik. Saboda haka sa'ad da aka kawo nahawun Ingilishi, an tarar da mutanen da suka san fa'ili da maf'uli. Abin da ya zama sabo shi ne harshen, da kuma ƙuncin ƙofar da aka buɗe masa.

Makarantar da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe a Nassarawa ta Kano cikin 1909 da Hausa ta fara koyarwa. Haka tsarin ya zauna: a Elemantare Hausa, Ingilishi kuwa sai yaro ya haye gaba. Bayan gyaran tsarin ilmi na wajen 1930, wannan mataki shi ne Midil. Yaron Yelwa da ya yi zarra sai ya bar bakin Kwara ya nufi Midil ta Sakkwato, babban birnin lardi, tafiya mai nisan gaske a wancan zamani. Daga can kaɗan ne ƙwarai ke samun shiga Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922.

A Katsina ne aka koyar da zurfin nahawu. Malamai irin su Gerald Power sun matsa wa lafazi lamba, har ɗaliban suka yi suna da tsabtar Turancinsu. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne shaidar da kowa ya sani. Amma wuyar ba a lafazi kaɗai take ba. Bahaushe in ya ce "ya zo", ya gama magana, ko jiya ne ko yanzun nan, alhali Ingilishi ya raba su gida biyu, kowane da hukuncinsa. Haka kuma Hausa ta yarda a ce "mutumin da na gaya masa", a maido da lamiri a ƙarshe, Ingilishi kuwa ya hana. Ga kuma jinsi: a Hausa rana mace ce, wata namiji, a Ingilishi kuwa ba su da ko ɗaya. Maganin da malamai suka sani shi ne feɗe jimla gaɓa gaɓa a kan allo da maimaici har ya zauna. Hanyar tana da gajiyarwa, amma ga ɗan aji kaɗan ta yi aiki.

Yawuri ta yi dace ta wani fanni, domin Sarki Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, malamin makaranta ne kafin a naɗa shi, ya kuwa san amfanin abin. Sai dai ƙasarsa ba ta Hausawa ce zalla ba. Ɗan Gungawa na tsibiran Kwara, da Bakambaren Ngaski, da mutumin Shanga, kowane da harshen gidansu. A gare su Hausar aji ita kanta koyo ce, Ingilishi ya zama na uku. Littattafan da aka tsara a Zariya ba su cika lura da wannan ba.

Da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka ta da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, makaranta ta matso kusa da waɗanda da can sai da jirgin ruwa za a kai gare su. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, malaman da suka ƙware a nahawu ba su wadata ba. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, wanda a Yawuri ya zama Hausa. Jarrabawar WAEC kuwa ba ta sassauta ba: sai da kiredit a Ingilishi ake shiga jami'a, ko da ɗalibi Hausa zai karanta.