Kitosan: Sinadarin ɓawon jatan lande da ke tsarkake ruwan rini da na jima

Kitosan wani farin gari ne da ake samarwa daga kitin, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da jikin ƙwari irin su fara. Masanin Faransa Henri Braconnot ne ya fara gano kitin a jikin naman kaza a shekarar 1811. A 1859 kuma Charles Rouget ya dafa shi a ruwan sinadari mai kaifi irin na soda, ya sami abin da a yau ake kira kitosan. Har yanzu hanyar ba ta sauya sosai ba: a wanke ɓawon, a narkar da allin da ke cikinsa da asid, a cire sauran nama, sannan a dafa da soda.

Darajarsa tana ga yadda yake damƙe dauɗa. A jikinsa akwai ɗimbin gurabe masu ɗauke da naitirojin, waɗanda ke kama ƙarafa masu guba kamar dalma da kuromiyam, su kuma riƙe launukan rini da yawa, ruwan ya wuce ya bar su. Sai dai shi kaɗai ba shi da ƙarko, domin yana narkewa idan tsamin ruwa ya yi yawa. Shi ya sa masana ke gauraya shi da yumɓu, ko gawayin da aka sarrafa, ko garin ƙarfe mai bin maganaɗisu, a mulmula shi ƙanana kamar ƙwayar gero. Mai garin ƙarfen ya fi sauƙin sha'ani: da ya gama aiki sai a janye shi daga ruwan da maganaɗisu, a wanke, a sake amfani da shi.

Aikinsa na biyu shi ne riƙe sinadaran da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai. Idan aka ɗora masa garin titaniyam, haske ya haska shi, launin da ya kama yakan wargaje maimakon ya taru.

Birnin Kano yana da dalilin sanin wannan gari. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da baba da toka da kanwa aka san ta, haka su ma majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Amma rinin shadda da yadi na zamani da ake yi a lungunan birni ya dogara ne da launin kanti da soda da haidiro, kuma ragowar ruwan lambatu yake bi ya faɗa kududdufai ko rafin Jakara. A gaba rafin yana haɗuwa da Getsi, mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, har zuwa madatsar Wasai. Da wannan ruwa masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da ake kawowa kasuwannin gari. Ta kudu kuwa, kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa da gishirin kuromiyam suke aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha.

Akwai cikas, kuma ba ƙanana ba ne. Kitosan ya fi aiki a ruwa mai ɗan tsami, alhali ruwan marini cike yake da soda, don haka sai an daidaita shi tukuna, wanda ƙarin kuɗi ne ga mai ƙaramar sana'a. Kano kuma nesa take da teku, ɓawon sai an yi dakonsa daga Legas ko Fatakwal. Fara tana da kitin, gaskiya ne, amma farar da ake soyawa a sayar da tsada ba za ta zama shara ba. Sannan ƙarfen da aka kama bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. In aka zubar da ƙwayoyin da suka ƙoshi da kuromiyam a juji, damina ɗaya ta isa ta mayar da shi Jakara.